Na rubuta =E2 a wajen Minimum na graf ɗina Excel ya ƙi karɓa, ya zan yi?

Tambayar da aka turo: "Salam. Dan Allah ina rubuta farashin buhun masara duk sati a Excel don mai gidana, na yi masa graf na layi. Matsalar ita ce wani satin graf ɗin yana fitowa da kyau, wani satin kuma sai lambobin gefe su koma farawa daga 0 layin ya kwanta can sama ba a ganin hawa da sauka. Na sa ƙaramar lamba a E2 babba a E3, na je Format Axis na rubuta =E2 a Minimum amma ya ƙi. Duk sati sai na gyara da hannu, na gaji."

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Toh da farko dai ka kwantar da hankalinka, ba kai ka yi kuskure ba kuma ba kwamfutarka ce ta samu matsala ba, haka Excel yake. Waɗannan akwatunan guda biyu da ke ƙarƙashin Bounds, wato Minimum da Maximum, lamba kawai suke ci, ba sa karɓar fomula ba sa karɓar adireshin sel, ko wane Excel gare ka kuwa, na 2010 ne ko 2016 ko Microsoft 365. Abin da ke rikita mutane shi ne taken graf yana yarda, in ka danna taken ka je sandar fomula ka buga = ka danna sel sai ya ɗauka, har sunan layin gefe ma yana yarda, sai mutum ya ɗauka ai iyakar lambobin ma haka take. Ba haka take ba. Ni kaina na sha mamakin abin da ya hana Microsoft ƙara wannan ɗan abu shekara da shekaru, amma dai ga mu nan.

Kafin mu je ga magani bari in gaya maka dalilin da ya sa graf ɗinka ke wannan tsalle-tsallen, don in ka gane shi wataƙila ma ka ga ba sai ka sha wahala da yawa ba. In ka bar shi a Auto, Excel yana duba babbar lamba da ƙaramar lamba a bayananka, in tazarar da ke tsakaninsu ta wuce kashi ɗaya cikin shida na babbar, wato kusan 16.67 cikin ɗari, sai ya fara daga sifili, in ba ta kai ba sai ya yanke ƙasan ya fara daga kusa da ƙaramar lambar. A ce misali farashinka yana yawo tsakanin 40,000 da 46,000, tazara 6,000 kenan, kusan 13 cikin ɗari na 46,000, to a nan zai yanke ya nuna maka hawa da sauka ɓaro-ɓaro. Sati na gaba sabuwar masara ta shigo buhu ya sauko 38,000, tazara ta zama 8,000, ta haura 17 cikin ɗari, shikenan sai ya koma sifili layin ya je ya maƙale a sama kamar igiyar shanya. Kaga ba aljanu ba ne, lissafi ne, kawai dai ba ya shawara da kai kafin ya yi.

Yanzu maganar gyara. Abin da ka fara yi na sa lambobin a E2 da E3 daidai ne, kar ka goge, abin da ya rage shi ne ɗan aike da zai riƙa ɗaukar lambar daga sel ya kai ta cikin graf, wannan ɗan aiken shi ne makiro na VBA, wato ɗan kod da ake rubutawa da yaren umarni da ke cikin Excel. Amma tun da ka ce ka gaji da gyaran hannu, to kar ma ka riƙa buga E2 da E3 da hannu, bari fomula ta yi. A ce farashin yana B2 zuwa B53, sati 52 na shekara, a E2 ka sa

=FLOOR(MIN(B2:B53)-0.1*(MAX(B2:B53)-MIN(B2:B53)),1000)

a E3 kuma ka sa

=CEILING(MAX(B2:B53)+0.1*(MAX(B2:B53)-MIN(B2:B53)),1000)

Abin da suke yi shi ne su bar ɗan fili sama da ƙasa, kashi goma cikin ɗari na tazarar, sannan su daidaita lambar zuwa dubu cif don kar ka ga irin su 37,200 a gefen graf. Da misalin nan na 38,000 da 46,000 za ka samu 37,000 a ƙasa 47,000 a sama. Za ka ga wasu suna koyar da a ninka ƙaramar lamba da 0.95 kawai, yana aiki in duk lambobin sama da sifili suke, amma ranar da ka yi graf na riba da asara aka samu lamba mai alamar ragi sai abin ya juye ya yanke maka bayanan, shi ya sa na fi son a yi da tazara. In kuma Excel ɗinka na Faransanci ne kamar yadda ake yawan samu a Maradi ko Damagaram ko Yamai, FLOOR sunanta PLANCHER, CEILING kuma PLAFOND, 0.1 za ka rubuta shi 0,1 sannan waƙafin da ke gaban 1000 ya koma ; amma kod ɗin da zan ba ka a ƙasa ba ya canzawa, VBA Turanci yake ji a ko'ina.

Sai ka ba graf ɗin suna. Danna shi sau ɗaya, ka duba ɗan akwatin da ke hagu da sandar fomula inda ake ganin A1 ko B5, za ka ga an rubuta Chart 1 ko wani abu haka, goge ka rubuta Farashi ka buga Enter, in ba ka buga Enter ba sunan ba zai zauna ba. Kuma dan Allah kar ka sa harafi mai lanƙwasa a sunan, irin su ƙ da ɗ da ɓ, cikin sel suna zama lafiya lau amma wajen rubuta VBA bai san su ba, alamar tambaya yake mayar da su sai kod ya kasa gane graf ɗin, shi ya sa za ka ga na rubuta kasa a maimakon ƙasa a cikin kod, ba mantuwa na yi ba.

Daga nan ka je ƙasa inda sunan shafin yake, Sheet1 ko duk abin da ka sa masa, ka yi danna-dama ka zaɓi View Code, farin fili zai buɗe, ka zuba wannan:

Private Sub Worksheet_Calculate()
    Dim kasa As Variant, sama As Variant
    kasa = Me.Range("E2").Value
    sama = Me.Range("E3").Value
    If Not IsNumeric(kasa) Or Not IsNumeric(sama) Then Exit Sub
    If kasa >= sama Then Exit Sub
    With Me.ChartObjects("Farashi").Chart.Axes(xlValue)
        If .MinimumScale = kasa And .MaximumScale = sama Then Exit Sub
        If kasa >= .MaximumScale Then
            .MaximumScale = sama
            .MinimumScale = kasa
        Else
            .MinimumScale = kasa
            .MaximumScale = sama
        End If
    End With
End Sub

A nan ne mutane da yawa ke faɗuwa, su danna Alt da F11 su yi Insert su zaɓi Module su zuba kod ɗin a can, sai su dawo su ce malam bai yi ba. Ba zai yi ba kam, irin wannan kod ɗin a bayan shafin da kansa yake zama, shi ya sa na ce ka bi ta View Code.

Gaskiyar magana layi biyu ne kawai ke yin aikin, na MinimumScale da na MaximumScale, sauran duk kariya ce, kuma kowace kariya sai da ta taɓa cizona kafin na sa ta. Ta farko tana duba ko abin da ke sel lamba ce, don in fomula ta fitar da #VALUE! saboda wani abu ya lalace a lissafin, kod ya yi shiru ya fita a maimakon ya riƙa watso maka saƙon kuskure duk sanda ka taɓa kibod. Ta biyu tana hana ƙasa ta kai sama ko ta wuce ta, wanda kan faru a farkon shekara lokacin da sati ɗaya kawai ka shigar ko ba ka shigar da komai ba. Ta uku ita ce wadda ba a cika faɗa ba, duk sanda makiro ya canza wani abu Excel yana iya share maka tarihin Ctrl+Z, to shi kuma Worksheet_Calculate yana tashi ne duk lokacin da shafin ya sake lissafi, in ba ka ce masa ya kyale graf ɗin in iyakar ba ta canza ba sai ka wayi gari ka yi kuskure ka danna Ctrl+Z ka ga babu abin da ya koma. Sai ta ƙarshe, wannan If ɗin mai Else, batun wanda za a fara sawa ne, a ce bara graf yana tsakanin 20,000 da 30,000 bana kuma sabuwar ƙasa 37,000 ce, in ka fara tura ƙasa kana ce wa Excel ya sa ƙasa ta fi sama kenan na ɗan lokaci, ba ya son haka, don haka a irin wannan sai a fara ɗaga rufin kafin a ɗaga daɓen.

In ka fi so ka riƙa buga E2 da E3 da hannunka ba fomula, to lura, Calculate ba lallai ya tashi ba tun da babu lissafin da aka sake, sai ka canza layin farko ya zama Private Sub Worksheet_Change(ByVal Target As Range) ka bar sauran yadda suke. Akasin haka ma gaskiya ne kuma shi ya fi kama mutane, Change ba ya jin canjin da fomula ta yi, sai wanda hannu ya buga. In kana son tazarar lambobin gefe ma ta fito daga sel, wato ko dubu-dubu ko dubu biyu-biyu, sunanta .MajorUnit, ka sa lambar a E4 ka ƙara layi ɗaya, kawai ka tabbata ba sifili ba ce. Ranar da kuma ka so komai ya koma yadda Excel ke yi da kansa, .MinimumScaleIsAuto = True da .MaximumScaleIsAuto = True ne, ko ka je Format Axis ka danna Reset bayan ka cire kod ɗin.

Layin ƙasa fa, na kwanan wata? Shi ma ana yi, xlCategory za ka sa a inda na sa xlValue, amma da sharaɗi, sai in graf ɗin Scatter ne, wato mai ɗigo-ɗigo wanda layin ƙasansa ma lamba ne, ko kuma abin da ke layin ƙasan kwanan wata ne na gaske aka saita shi a Date axis. In rubutu ne kamar "Sati 1", "Sati 2" ko sunayen kasuwanni, Dawanau, Giwa, Dandume, to babu wata ƙarama ko babbar lamba da za a sa masa, kod zai yi kuskure. Kuma ka sani Excel lamba yake ɗaukar kwanan wata, 1 ga Janairu 1900 ita ce 1, 1 ga Janairu 2024 ita ce 45292, ta 2025 kuma 45658, to in ka buɗe Bounds ka ga irin wannan lambar kar ka firgita, kuma a kod ka yi amfani da .Value2 a maimakon .Value don ya ba ka lambar tsurarta. Mai graf da ke da layin gefe biyu, misali farashi a hagu yawan buhuna a dama, na daman shi ne Axes(xlValue, xlSecondary).

Wajen sebin kuma sai ka yi Save As ka zaɓi Excel Macro-Enabled Workbook, fayil ɗin ya koma .xlsm, in ka bar shi .xlsx zai yi maka gargaɗi sau ɗaya, in ka danna Yes ba ka karanta ba kod ɗin ya tafi.

To yanzu ga inda nake so ka tsaya ka yi tunani sosai, don duk abin da na faɗa a sama mai sauƙi ne, wannan ne ainihin maganar. Ka ce mai gidanka kake yi wa. A ina yake buɗe fayil ɗin? In a kwamfutarka kake komai sannan ka ɗauki hoton graf ko ka mayar PDF ka tura masa ta WhatsApp, makiro ya ishe ka, ka gama. Amma in fayil ɗin kake tura masa yana buɗewa a waya, ko wani yaron shago yana shigar da farashi ta waya, to ka sani Excel na waya ba ya tafiyar da VBA, na burauza ma ba ya yi, Google Sheets ma haka, kuma ko a kwamfuta ne tun 2022 Microsoft ya fara toshe makiro a fayilolin da suka zo ta intanet, sai an yi danna-dama a kan fayil ɗin an shiga Properties an zaɓi Unblock. Kuma matsalar ba wai kawai makiro ya ƙi aiki ba ce, a'a, iyakar da ya sa ta ƙarshe tana nan daram ba ta koma Auto ba. Na taɓa yi wa wani ofis irin wannan, na yi ta jin daɗi na burge, bayan wata biyu aka kira ni wai graf ya lalace, ashe a waya suke ta shigar da lambobi, kuɗin ya haura rufin da makiro ya bari tun ranar da na miƙa aikin, layin ya fice ta sama, sati kusan uku ana kallon graf ana cewa ai babu sabon bayani. Wallahi gara graf mai tsalle zuwa sifili da wannan, don shi aƙalla bai ɓoye komai ba.

Saboda haka in fayil zai yi yawo hannu-hannu ni shawarata ka bar makiro ka bi ta fomula zalla. Akwai dabarar da ake yawan bayarwa ta ƙara wani layi a graf mai ɗauke da E2 da E3 a cire masa launi ya zama ba a ganinsa, tana da amfani in so kake ka tura rufin sama ko ka sa graf biyu su zama ma'auni ɗaya don a kwatanta su, amma ba za ta yi maka maganin taka matsalar ba, don faɗaɗawa kawai take iyawa ba ta iya matsewa, dokar nan ta kashi ɗaya cikin shida tana nan tana aiki.

Wadda ke yi da gaske ita ce ka daina neman motsa iyakar, ka kafe ta wuri ɗaya ka motsa bayanan. A C2 ka rubuta =(B2-$E$2)/($E$3-$E$2) ka ja ƙasa, kowane farashi zai koma wata lamba tsakanin 0 da 1, in akwai satin da ba a cika ba tukuna ka nannaɗe ta da IF ta ba da NA() don Excel ba ya zana #N/A. Graf ɗin sai ka yi shi da C ba da B ba, ka je Format Axis ka buga 0 a Minimum, 1 a Maximum, 0.2 a Major, sau ɗaya kenan har abada ba za ka sake taɓawa ba. Saura lambobin gefe, don ba wanda zai gane buhu ya kai 0.6. Sai ka ɓoye su, a Labels ka zaɓi None, ka ƙirƙiri naka: a G2 zuwa G7 ka sa 0, 0.2, 0.4, 0.6, 0.8, 1, a H2 ka sa =$E$2+G2*($E$3-$E$2) ka ja ƙasa, da misalinmu zai ba ka 37,000, 39,000, 41,000 har 47,000, a F2 zuwa F7 kuma ka maimaita kwanan watan farko. Ka ƙara sabon jeri a graf wanda X ɗinsa F ne Y ɗinsa G, ka cire masa layi da ɗigo, ka sa masa Data Labels, a ciki ka zaɓi Value From Cells ka nuna masa H2 zuwa H7, ka cire alamar Y Value, ka ajiye su ta Left. Wannan Value From Cells ɗin daga Excel 2013 ya fara, kuma aikin ya fi sauƙi in graf ɗin gaba ɗaya Scatter with Straight Lines ne, a ido ba shi da bambanci da graf na layi. Eh na sani, ya fi makiro tsawo, zai ci maka kamar rabin awa ranar farko, kuma duk wanda ya gaji fayil ɗin bayanka sai ya yi ta kallon G da H yana tunanin me ake nufi, don haka ka rubuta ɗan bayani a gefensu. Kafin ka miƙa kuma ka buɗe a irin wayar da mai gidan ke riƙewa ka canza farashi ɗaya ka ga lambobin gefen sun bi.

Abu ɗaya da ba ka tambaya ba amma zan faɗa tun da graf na kuɗi ne kuma wani zai yanke shawarar saye ko sayarwa da shi. Yanke ƙasa a graf na layi babu laifi, hawa da sauka ake son gani. Amma in wata rana mai gida ya ce a mayar masa da shi na sanduna, to ka mayar da E2 sifili, don ido tsawon sanda yake aunawa, in ka fara daga 37,000 sandar 46,000 za ta ninka ta 38,000 sau tara a tsawo alhali bambancin kuɗin kusan kashi 21 cikin ɗari ne kawai, mutum ya kalla ya ɗauka kasuwa ta kama da wuta. Ko a na layin ma tun da iyakar za ta riƙa canzawa da kanta duk sati, motsin naira 500 da na naira 10,000 za su iya cika graf iri ɗaya, to ni abin da nake yi shi ne in haɗa taken graf da wani sel mai fomula irin ="Farashin masara, daga "&TEXT(E2,"#,##0")&" zuwa "&TEXT(E3,"#,##0") tun da shi taken dai ya yarda da sel, kowa ya buɗe ya san daga ina aka fara awon.

In ka gwada makiron ya fito maka da saƙon kuskure mai lamba 1004 ko ya ce bai ga abin da ake nema ba, fara duba sunan graf ɗin ko ya zauna Farashi daidai harafi da harafi, sannan ka duba ko shafin a kulle yake da Protect Sheet, in a kulle yake sai ka buɗe ka sake kullewa ka sa alama a Edit objects. In duk ba su ba ne ka danna Debug ka turo min layin da ya yi rawaya da kuma irin graf ɗin da ka zaɓa.